Gani Ya Kori Ji: Bashin Dodo a Akwatin Talabijin

Duk Bahaushen da ya tashi a gidan da ake tatsuniya ya san Dodo, ya kuma taɓa ƙudundunewa cikin zanen uwarsa ko na kakarsa saboda shi. Amma da za a tara mutum goma a ba kowannensu alli da allo, a ce ya zana Dodon nan da ya sani, da sai an sami dodanni goma, babu wanda ya ɗauko kamannin wani. Wani zai yi masa gashi buzu-buzu har gadon baya, wani ya sa masa wutsiya, wani ya ce tsawonsa ya kai rimi, wani kuwa ya rantse bai san komai nasa ba sai baki. Dalili kuwa shi ne, ta kunne Dodo yake shiga, mai sauraro ne yake ƙera shi da kansa a cikin duhu, gwargwadon abin da zuciyarsa ta fi tsoro. To, ga shi zamani ya kawo akwatin talabijin, ya kawo bidiyo, ya kawo wayar hannu, kuma dukkansu sana'arsu nunawa ce. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da nake so mu duba tare da mai karatu shi ne, idan gani ya kori ji, me ya rage na Dodo, kuma mene ne ya wajaba mai shirya wasa ya ɗauko daga tatsuniya ya kai gaban na'urar ɗaukar hoto.

Ni mutumin Suleja ne, garin da aka kafa bayan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa a lokacin jihadi, farkon ƙarni na 19. Ƙaninsa Abu Ja ne ya gina birnin a 1828, aka kira shi da sunansa, watau Abuja. Mutanen da suka yi wannan ƙaura sun zo da sarautunsu da al'adunsu, waɗanda Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihinsu, aka buga fassararsa ta Turanci a Ibadan a 1952. Sun kuma zo da abin da ba ya bukatar jaki ko mangala, watau tatsuniyoyinsu. Kada a manta, gidan sarautar Zazzau yana cikin Hausa Bakwai, kuma labarin kafuwar Hausa Bakwai kansa labarin kisan dodo ne: macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare kansa. A nan kuma suka tarar da Gwari da Koro, masu nasu dodannin da ke fitowa lokutan bukukuwa, ga kuma Dutsen Zuma da fuskar nan tasa yana kallon duk mai wucewa. Saboda haka yaron Suleja na zamaninmu bai taɓa rasa abin da zai ƙera Dodonsa da shi ba.

Daga bakin kakata, Allah Ya jiƙanta, na fara jin tatsuniyar da har yau nake ɗauka ita ce uwar tatsuniyoyin Dodo. Wata mace mai ciki ta je rafi da kishiyarta. Da suka cika tuluna, kishiyar ta ɗauki nata ta yi tafiyarta, ta ƙi ɗora wa 'yar'uwarta. Rana ta faɗi, matar ta yi ta kiran mai taimako babu kowa. Sai Dodo ya fito daga ruwa ya ce zai ɗora mata, amma da sharaɗi: abin da ke cikinta, in namiji ne abokinsa ne, in mace ce matarsa ce. Ta amsa, domin dare ya yi kuma wuya ta kai wuya. Ta haifi mace, yarinya ta girma, uwa ta manta, ko kuma ta yi kamar ta manta. Ranar da aka ɗaura wa yarinya aure, ana cikin kiɗa da guɗa, sai ga Dodo a ƙofar gida ya zo karɓar bashinsa. Aka ba shi shanu ya haɗiye, aka ba shi tumaki ya haɗiye, ya haɗiye 'yan biki, ya ce har yanzu da saura. Sai da ya haɗiyi wata 'yar wuƙa, ta tsaga cikinsa, sa'an nan duk waɗanda ya haɗiye suka fito da ransu. Irin wannan tatsuniya tana cikin waɗanda Baturen nan Tremearne ya tara ya buga a 1913, abin da ke nuna cewa ta daɗe tana yawo a ƙasar Hausa kafin a haifi kakata.

Idan mai karatu ya lura, babu inda tatsuniyar ta tsaya tana ƙirga haƙoran Dodo ko auna faratansa. Abin da ke tayar da tsikar jiki a cikinta shi ne, Dodo yana da gaskiya. Ya yi aiki, an yi masa alkawari, ya yi haƙuri shekara da shekaru, ya zo a biya shi. Wadda za ta biya kuwa ba ta ci nanin ba, tana ciki aka jinginar da ita. Haka abin yake a sauran tatsuniyoyinsa. Yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, Dodo ne ya ari kyakkyawan jiki ya zo ya aure ta, a hanya ya riƙa mayar wa masu kaya kayansu har ya koma siffarsa. Girman kanta ne ya buɗe masa ƙofa. Garin da Dodo ke shiga kowane dare yana ruri, kowa ya kulle ƙofa ya yi tsit, manya da mayaƙa duk suna nan, sai Auta, ɗan ƙaramin baƙo, ya jefa masa duwatsu masu zafi a baki. Tsoron manya ne ya ba shi garin. Watau a kullum akwai wata ɓaraka a cikin gida wadda Dodo ke bi ya shigo: ƙetar kishiya, ko alkawarin da aka yi cikin ƙunci, ko raini, ko ragwantaka. Wannan ɓaraka ita ce ran tatsuniya, gashi da wutsiya kuwa riga ce kawai.

Tatsuniya ta yi ƙaura sau biyu a ƙarni na 20. Ta farko daga baki zuwa takarda: Frank Edgar ya buga littattafansa uku na tatsuniyoyi daga 1911 zuwa 1913, daga baya kuma marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fito da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, waɗanda yaran firamare da yawa suka koyi karatu da su. Wannan ƙaura ba ta cuci Dodo sosai ba, domin mai karatu ma da zuciyarsa yake gani. Ta biyu ita ce daga takarda da baki zuwa gilashi. A 1984 Hukumar Talabijin ta Nijeriya, NTA, ta fara shirin yara mai suna Tales by Moonlight, inda ake tara yara a ba su labari, sa'an nan 'yan wasa su kwaikwayi labarin. A ƙarshen shekarun 1980 kuma tashar NTA ta Kaduna ta mayar da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam wasan talabijin, marigayi Ƙasimu Yero yana cikin 'yan wasan. Ayyuka ne na kirki da suka cancanci yabo. Sai dai sun zo da wani sabon abu. A da, ba a tatsuniya da rana sai an ɗaure Gizo, kuma mai ba da ita tana ganin idon yaro, in ta ga tsoro ya yi yawa ta sassauta, in ta ga barci ta ƙara wuta. Akwati ba ya ɗaure Gizo, ba ya kuma ganin idon kowa.

A shekarun nan, unguwarmu talabijin ɗaya ce, marar launi, a gidan wani maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati, kuma tsakar gidansa takan cika maƙil da yara bayan sallar magariba. Wata rana aka nuna wani wasan Hausa mai Dodo a ciki. Tun da rana labari ya bazu, muka zo zukata na dukan uku-uku. Da lokaci ya yi sai ga wani ƙato ya faɗo daga bayan bishiya, an lulluɓe shi da buhun algarara da tsummoki, an shafe masa fuska da gawayi, yana tsalle yana gurnani, ga takalmin roba a ƙafarsa. Tsakar gida ta ɓarke da dariya. Kakata, wadda muka lallaɓa ta zo kallo a karo na farko, ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Kai maigidana, wannan bawan Allah bashin me ya zo karɓa?" Na ce, "Iya, ai ba ya bin kowa bashi, mutane kawai yake kamawa." Ta ce, "To ai mahaukaci ne suka kawo muku, Dodo ba ya zuwa inda ba a kira shi ba." Ta yafa mayafinta ta koma gida. Shekaru da dama na yi ina karatun adabi, ban tarar da sharhin da ya fi wannan tambaya tata kaifi ba.

Mu ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 1818 wata matashiya 'yar Ingila, Mary Shelley, ta wallafa littafin Frankenstein, labarin wani ɗalibin kimiyya da ya harhaɗa gaɓoɓi ya ƙera wata halitta, da ta motsa kuma ya ga muninta sai ya gudu ya bar ta. A cikin littafin, halittar nan tana da hankali, ta koyi magana da karatu, ta nemo wanda ya ƙera ta ta kafa masa hujja: tun da kai ka kawo ni, kowa kuma yana gudu na, to yi mini abokiyar zama in tafi in bar ku. Ya yi alkawari, ya fara aikin, sa'an nan ya wargaza shi. Ranar da ya yi nasa auren, a daren farko, halittar ta zo ta kashe amaryarsa. Mai karatu zai ga cewa wannan bashin Dodo ne sak, har da ranar biki. Amma da aka mayar da labarin fim a Amurka a 1931, Boris Karloff ya fito a matsayin halittar, sai aka ƙwace mata harshe, aka ba ta shafaffen kai da ƙusoshi a wuya, tana tafiya ɗangyas-ɗangyas tana gurnani. Wannan siffa ce duniya ta riƙe, har jama'a suka ɗauki sunan maƙerin suka laƙaba wa abin da ya ƙera. An sami riga, an bar mai ita a cikin littafi.

Idan kuwa aka raba dodo da bashinsa, abin da ke biyo baya sananne ne: yakan zama ɗan gida. Daga 1964 zuwa 1966 tashar CBS ta Amurka ta nuna wasan barkwanci mai suna The Munsters, inda mai kama da halittar Frankenstein ya zama magidanci mai sauƙin kai da ke fita aiki da safe, surukinsa kuma tsohon Dirakula ne. Shi Dirakula, wanda Bram Stoker ya rubuta labarinsa a 1897 a matsayin mai shan jinin mutane, a 1972 an ari kamanninsa an yi 'yar tsana a shirin yara na Sesame Street, tana koya musu ƙidaya. Da aka kawo irin wannan shiri Nijeriya a 2011 da sunan Sesame Square, dodon cikinsa shi ne Zobi, shuɗi mai gashi, wanda babu abin da yake haɗiya sai doya. Mu ma a Suleja mun ga makamancin haka da idonmu. Dutsen Zuma da iyayenmu ke ba da labarin iskokinsa cikin raɗa, a 1999 aka sa hotonsa a bayan takardar Naira 100, ana ƙudundune shi a aljihu ana sayen ƙosai da shi, matafiya kan hanyar Kaduna zuwa Abuja kuma suna tsayawa su ɗauki hoto a gabansa. Ban ce wannan laifi ne ba. Yaro ya koyi ƙidaya a hannun dodo ya fi ya kwana yana firgita. Abin da nake cewa shi ne, wannan wani aiki ne dabam, kuma aikin da tatsuniya ke yi yana nan babu mai yin sa.

Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, ba su juya wa tatsuniya baya gaba ɗaya ba. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sarauniya ya mayar da tatsuniyar Daskin Da Riɗi fim, jama'a kuma suka karɓe shi. Amma Dodo kansa bai sami gurbin kirki ba. Aljani da maye da boka su suka gaje kujerarsa, kuma a ganina dalilin a fili yake. Aljani yana shiga jikin mutum, saboda haka 'yar wasa ta juya ido ta sauya murya ya wadatar, ba sai an ɗinka komai ba; ga shi kuma an san shi a addini, an san maganinsa, malam ya zo ya yi ruƙiyya a tashi lafiya. Illar ita ce, a yawancin irin waɗannan finafinai sharrin daga waje yake faɗowa, mutanen gida ba su da hannu, saboda haka mai kallo ba ya komawa gida da tambayar da zai yi wa kansa. Abin mamaki, Indiyawa da muke yawan aro a wurinsu sun riƙe wannan sirri. A fim ɗin Nagin na 1976, macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace tana bin mutanen da suka kashe mata miji ne ɗaya bayan ɗaya. Fansa take nema. Wannan bashi shi ya raya labarin, har tashar Colors ta mayar da irinsa wasan talabijin mai dogon zango a 2015, aka yi ta kallonsa har a gidajenmu.

Na sha jin masu shirya finafinai suna cewa rashin kuɗi da rashin na'urori ne suka hana su taɓa Dodo. Uzuri ne mai ƙarfi, amma tarihin Godzila ya raunana shi. A 1954 Ishiro Honda ya shirya fim ɗin a Japan, kuma dodon nan da ya rushe birnin Tokyo mutum ne a cikin rigar roba yana tattaka ƙananan gidajen da aka ƙera. Abin da ya sa 'yan kallo suka yi jugum shi ne, shekara tara kacal ke nan da jefa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, kuma a watan Maris na wannan shekara ta 1954 tokar gwajin bam na Amurka ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan a teku. Dodon da gwajin bam ya tayar daga ƙarƙashin ruwa ya zo karɓar bashin da kowa a zauren silima ya san da shi. Daga baya, da aka mayar da Godzila abokin yara mai kare duniya, shi ma ya zama abin wasa. Da aka komo da shi kan bashinsa na yaƙi a fim ɗin 2023, sai ga shi ya sake girgiza mutane, har ya ci kyautar Oska a 2024. Ashe buhun algarara da takalmin roba ba su ne suka kashe Dodon unguwarmu ba. Da an ba shi dalilin zuwa, da ko inuwarsa kawai aka nuna a jikin katanga ta isa.

Wani zai ce, ina ruwan yaran yau da Dodo, alhali sun san abin tsoro na gaske? Lalle sun sani. An tayar da bam a ofishin hukumar zaɓe na Suleja ranar 8 ga Afrilu 2011, an tayar da wani a cocin Madalla ranar Kirsimeti ta wannan shekara, an kuma tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 aka kwashi mutane aka shiga daji da su. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan ba ya bukatar a koya masa tsoro. Abin da yake bukata shi ne labarin da zai ba tsoron nan kai da gindi, ya nuna masa cewa masifa tana da ƙofar da take shigowa, cewa sakacin manya yana iya zama bashi a wuyan 'ya'ya, cewa ba da shanu da tumaki ba ya ƙosar da mai haɗiya, kuma cewa ƙaramin abu kamar 'yar wuƙa ko ɗan Auta yana iya kawo ƙarshensa, waɗanda aka haɗiye su fito da ransu. Abin da nake gani a wayoyin 'ya'yan ƙannena kuwa, gajerun hotuna ne na gawarwaki masu tafiya da fatalwowin ƙetare, a firgita mutum cikin daƙiƙa talatin a wuce zuwa na gaba. Firgita ce marar uwa marar uba, ba ta bin kowa bashi, ba ta kuma bar wa kowa darasi.

Garinmu ma yana da labarin da ke jiran mai shirya shi. Bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birnin tarayya, masarautarmu ta ba da ƙasa mai yawa, ta kuma ba da sunanta, ta koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A 1991 gwamnati ta tare a sabuwar Abuja. Yau da asuba dubban mutane ke fita daga Suleja da Madalla su shiga cikin birnin nan neman abinci, da dare ya amayo su a gajiye. Marubucin da ya san tatsuniyar macen nan ta bakin rafi ba zai rasa tambayoyin yi ba: wa ya ɗora wa wani tulu, me aka yi alkawari, wa ke bin wani, kuma 'ya'yan da ba a haifa ba a 1976 me suka gada daga cinikin?

Saboda haka kirana ga ɗalibanmu na Hausa, waɗanda da yawansu za su rubuta wasannin talabijin da finafinan gobe, shi ne su koma wurin tsofaffin da suka rage da na'urar ɗaukar magana tun kafin ƙasa ta rufe musu ido, su kuma buɗe littattafan Edgar da na Yahaya da ke kwance a ɗakin karatu. In sun tashi kawo Dodo gaban gilashi, kada su fara da tela ko mai kwalliya. Su fara da rubuta amsar tambaya ɗaya a saman takarda: bashin me ya zo karɓa, kuma wa ya ci shi? Wanda ya amsa wannan yana iya ɓoye Dodonsa a bayan ƙyaure har ƙarshen wasa, 'yan kallo su ƙera shi da kansu kamar yadda muka yi a kan tabarma, ji da gani su zauna a inuwa ɗaya ba tare da wani ya kori wani ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu mata da suka raine mu da tatsuniya, Ya kuma ba na baya ikon sauke abin da suka bar musu.